Yadda Ake Rubuta Tarihin Hafsan Sojan da Ya Shiga Siyasa

Wanda zai rubuta tarihin hafsan da ya tuɓe kaki ya shiga siyasa, ya fara tantance ta wace ƙofa mutumin ya shigo, domin akwai wanda ya hau mulki da bakin bindiga sannan ya nemi ƙuri'a don ya halasta kujerarsa, akwai kuma wanda ya koma gida ya shiga jam'iyya ya sha kaye kamar kowa. Ibrahim Bare Mainasara na Nijar ya yi juyin mulki a Janairun 1996, ya kuma tsaya zaɓe a Yulin wannan shekarar yana riƙe da ragamar ƙasa. Muhammadu Buhari kuwa sai da ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya yi nasara a 2015.

Daga nan sai a jera muƙaman soja, kowanne da shekararsa. Jaridu sukan kira kowa janar, alhali Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa a matsayin manjo janar suka bar aiki, Olusegun Obasanjo kuma cikakken janar ne. A kula da makaranta ma: an buɗe NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, a 1964, saboda haka wanda ya zama hafsa kafin wannan shekarar, kamar Buhari da aka ƙaddamar a 1963 bayan horo a Ingila, ba ɗalibinta ba ne.

Inda ya kamata marubuci ya fi daɗewa shi ne shekarun da ke tsakanin ritaya da takara, waɗanda galibin masu rubutu suke tsallakewa da jimla ɗaya, ga shi kuwa a nan ne ake gina ɗan siyasar. 'Yar'aduwa ya yi ritaya a 1979 ya shiga kasuwanci, ya yi shekaru yana tara magoya baya a Arewa da Kudu, har ya kasance kan gaba a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar SDP a 1992, wanda Babangida ya soke. Ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997, amma mutanen da ya tara suna cikin waɗanda suka kai Obasanjo ga nasara a 1999. A nan ake tambayar wa ya ɗauki nauyin tafiyar, wa ya kai hafsan gaban dattawan jam'iyya, da kuma su wa cikin abokan kwas ɗinsa suka biyo shi.

Game da hujja, a nemi gazet, wato takardar da gwamnati take buga sanarwarta a ciki, da tsofaffin jaridu, irin waɗanda ake adanawa a Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Sai dai a karanta jaridun zamanin soja da taka-tsantsan, tunda Doka ta 4 ta 1984 ta kai 'yan jarida gidan yari. Littattafan da janar-janar suke rubutawa da kansu ma suna buƙatar tacewa. A ganina da wuya a sami wanda ya amsa cewa shi ya kitsa juyin mulki. Hira da odilinsa da direbansa da ƙananan hafsoshin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa takan fito da abin da takarda ta ɓoye.

A babin mulkinsa na farar hula, a nemo ranar da aka ƙi bin umarninsa, a rubuta abin da ya yi. Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo wa'adi na uku a Mayun 2006, ya kuma sauka a 2007. Tandja Mamadu kuwa, tsohon hafsan soja da ya zama shugaban ƙasar Nijar, ya rusa majalisa da kotun tsarin mulkin Nijar a 2009 saboda tazarce, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010.