Masu kwana da kaskon wuta a ɗaki, a kula

Salam 'yan uwa. Hunturu ya kankama, masu alkama a Kadawa da Haɗeja sai murna don ita sanyi take so, mu masu kaushi kuwa sai haƙuri. Ni dai gara wannan da zafin Afrilu, tunda ba ƙanƙara ke zubo mana irin ta Turai ba. Amma dan Allah kar a kwana da garwashi a ɗaki an toshe ƙofa da taga, gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci za ta kashe shi wallahi. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon a kashe kafin a kwanta, yara a sa musu hula da safa. Faso kuma man kaɗe da daddare.