Yadda Ake Bin Diddigin Mafarki Bisa Hanyar Freud

Sigmund Freud, likitan jijiyoyi da ya yi aiki a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya yi imani cewa a zuciyar kowane mutum akwai wani ɓoyayyen sashe da ke ajiye buri da tsoro da abubuwan da ya danne ba tare da saninsa ba, kuma mafarki ne hanya mafi sauƙi ta leƙa wannan sashe. Ya fara gwada hanyarsa sosai a kan wani mafarki nasa a watan Yulin 1895, kuma kai ma kana iya gwada ta.

Ka ajiye takarda da biro kusa da shimfiɗarka, ka rubuta mafarkin da zarar ka farka, tun kafin ka taɓa waya, domin mafarki kamar raɓa yake, rana na ɗagawa yake bushewa. Kada ka gyara shi don ya yi ma'ana.

Daga nan sai ka rarraba shi gaɓa-gaɓa, wato mutumin da ka gani, wurin, da kalmar da aka faɗa. Ka ɗauki kowace gaɓa ita kaɗai, ka rubuta duk abin da ya faɗo maka a rai game da ita, ko da abin kunya ne ko kuwa ka ga kamar shirme ne. Nan ne aikin yake, domin a wannan hanya ma'anar tana fitowa ne daga bakin mai mafarkin. Ka tambayi kanka abin da ya faru jiya, tunda Freud ya lura cewa mafarki yakan ari kayan aikinsa daga ƙananan al'amuran ranar da ta gabata. Idan ka ga mutum mai fuskar kawunka amma da muryar malaminka, ka nemi abin da ya haɗa su a ranka. Inda tunaninka ya cije, ko ka ji kana son tsallakewa, can ya fi cancanta ka daɗe.

Masana da yawa a yau ba su yarda da ra'ayinsa cewa kowane mafarki cikar wani buri ne ba, kuma a ganina suna da hujja, amma sauraron kai irin wannan yana da amfani. Wanda mugun mafarki ke maimaita masa bayan haɗari ko tashin hankali kuwa, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa maimakon ya tona shi shi kaɗai.