Ku bar yaro ya zaɓi littafinsa

Assalamu alaikum iyaye. Ga abin da ya yi mini amfani a gida: kada ku mayar da karatun hutu tamkar aikin makaranta, ana tsare yaro da tambayoyi. Ni dai na ajiye Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito tun 1934, a kan tabarma ban ce uffan ba. Ɗana mai shekara 14 ya ɗauka, labarin yaron da aka raba da uwarsa ya kama shi sosai. Ranar Juma'a da muka shiga Birnin Zariya, na ce ya ba Hajiya kakarsa labarin. Wallahi nan take ta ɓalle da tarihin gidanmu na unguwar Kwarbai, har magariba yana ta yi mata tambayoyi.