Yadda Iyaye Za Su Gane Kishin da Ke Kai Wa Ga Duka Tun Daga Wurin Zance

Da yawa daga cikin matan da ke shan duka a gidan miji sun ga alamarsa tun suna 'yan mata, lokacin da ake zuwa zance, amma duk wanda suka kai wa ƙorafi sai ya ce musu tsananin so ne. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa yin aure sun fuskanci duka, ko tilastawa a shimfiɗa, ko wulaƙanci daga mazajensu. Wannan bayani na iyaye ne da waliyyai da gwaggonni, domin su ne ke da ikon tsayar da magana tun ba a shafa fatiha ba.

Abu na farko shi ne uwa ta san irin hoton da 'yarta ke ɗauke da shi game da soyayya. Yarinyar da ta tashi tana karanta littattafan soyayya a waya, tana kallon fina-finan Hausa da na Indiya da aka fassara, ta saba da wani irin gwarzo: miskili, mai kuɗi, mai zafin zuciya, wanda yake marin budurwa a farkon labari, a ƙarshe kuma haƙurinta ya mayar da shi mutumin kirki. A irin wannan labari aikin namiji shi ne mallaka da ba da umarni, aikin mace shi ne jurewa da lallashi. Hana ta karatun ba zai yi amfani ba, domin za ta koma yi a ɓoye. Abin da ya fi shi ne a zauna da ita cikin raha, a tambaye ta: "'Yata, da ke ce aka yi wa wannan marin, me za ki yi?" Idan ta ce, "Umma, ai kishi ne, wanda ba ya sonki ba zai yi kishinki ba," to an gano inda aikin yake. A nuna mata cewa Alƙur'ani, a aya ta 21 ta Suratur Rum, ya siffanta aure da natsuwa da ƙauna da jinƙai, don haka duk son da ke sa mutum zama cikin fargaba ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan ukun.

Daga nan sai a sa ido a kan zancen kansa, kuma a yau rabin zance a waya ake yinsa. A lura da yarinya idan wayarta ta yi ƙara tana tsakiyar tuƙa tuwo: shin murmushi take yi, ko kuwa sakin muciya take yi, hannu na rawa, tana neman inda za ta goge shi don kada kira ya katse? Saurayin da ke karɓar wayarta a zaure yana bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya, yana neman lambar sirrinta, yana tambayar dalilin da ya sa ya gan ta a WhatsApp da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yana sa ta goge lambar ɗan baffanta, ya riga ya fara mulkin da ba a ba shi ba. Haka nan wanda ke raba ta da ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya da sunan ba su da tarbiyya, ko yake cewa makaranta ko shi. Kishi halin ɗan Adam ne, kuma mai kishi na gari yakan faɗi abin da ya dame shi, ya saurari amsa, magana ta wuce. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda babu amsar da ke gamsar da shi, wanda yau ya zage ta har ta yi kuka, gobe ya zo da turare da atamfa yana rantsuwa cewa sonta ne ya rufe masa ido. Mafi hatsarin kalma kuwa ita ce, "Idan ban same ki ba, babu wanda zai same ki." Kada a taɓa ɗaukar wannan a matsayin zaƙin baki.

Batun kuɗi yana buƙatar iyaye su tsare kansu kafin su tsare 'yarsu. An koya wa samari cewa so shi ne kashe kuɗi, kuma wasunsu suna ƙirga kowace kyauta a matsayin bashi, har su ga cewa sun sayi yarinyar. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a watan Satumba na 2022 ba, lokacin da wani ɗan ƙasar Sin ya shiga gida ya kashe budurwar da yake nema, kuma a gaban kotu ya yi ta lissafa dukiyar da ya ce ya kashe mata, kafin a yanke masa hukuncin kisa a watan Maris na 2024. Saboda haka kada a bar manyan kyaututtuka su riƙa shigowa gida kafin manya su shiga magana. Waya mai tsada, kuɗin makaranta, buhun shinkafa duk wata, waɗannan su ne ke ɗaure bakin uba ranar da ya kamata ya ce a'a. Abin da aka riga aka karɓa a rubuta shi, domin idan magana ta lalace a mayar ta hannun dattawa, a gaban shaidu.

Binciken da ake yi kafin a ba da aure yakan tsaya a kan asali da sana'a da zuwa masallaci, alhali Sunna ta koyar da fiye da haka. Muslim ya ruwaito cewa Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta sanar da Annabi (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahmi suna neman aurenta, sai ya gaya mata cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuwa mai dukan mata ne, ya ba ta shawarar ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Wannan ya nuna cewa faɗin irin wannan hali ga mai neman shawara ba giba ba ne, kuma ya isa dalilin ƙin mutum. Waliyyi ya tambayi waɗanda ke ƙarƙashin mai neman auren, domin su ne suka san fushinsa: ƙannensa mata, yaran shagonsa, maƙwabtan da katanga ɗaya ta raba su. Idan ya taɓa aure, a aika mace mai hankali wurin dangin tsohuwar matarsa ta ji abin da ya raba su. Wannan tambaya ita ce aka fi jin nauyin yi, ita ce kuma ta fi kowace amfani.

Masu 'ya'ya maza su ma suna da nasu aikin. Yaron da aka bari yana marin ƙanwarsa ana cewa ai namiji ne, ya koyi darasin da zai kai gidan aurensa. A tuna masa shaidar Nana A'isha cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

Idan an yanke shawarar raba su, a sani cewa lokacin rabuwa shi ne ya fi hatsari, domin a nan ne mai son mallaka ke ganin abin yana kuɓuce masa. Kada a bar yarinya ta faɗa masa ita kaɗai a zaure ko a cikin mota. Maza manya na gidan su sanar da magabatansa, a canja mata lambar waya, a riƙa raka ta makaranta ko islamiyya na wani lokaci, a kuma adana duk saƙon barazanar da ya turo, a kai wa mai unguwa da 'yan sanda tun bai aikata komai ba.

Wani lokaci sai bayan aure hali ke fitowa, kuma a nan ne iyaye suka fi yin kuskure. Yarinya ta yi yaji, ta shigo da magariba ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, kafin ta gama bayani an ce mata aure ibada ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, washegari a sa ƙaninta ya mayar da ita tun ba a zo biko ba. Mijin da ya ga haka ya fahimci cewa ba ta da gata, kuma duka na gaba zai fi na farko. Abin da ya dace shi ne a fara kai ta asibiti, a karɓi takardar likita, a ɗauki hoton raunin. Idan ta ce ya shaƙe mata wuya, ko ya ɗauko wuƙa, ko ya doke ta tana da ciki, to maganar komawa ba ta ma taso ba tukuna, domin rai ake magana. Idan abin bai kai haka ba kuma ita da kanta tana son sulhu, a bi aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, a samo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, ya amsa laifinsa a gabansu, a rubuta sharaɗi.

Idan sulhu ya gagara, a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke bi, alƙali yana da ikon raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata, ba tare da an tilasta wa matar ta biya hul'i ba, shi ya sa takardar likita da shaidar maƙwabta ke da muhimmanci. Gaskiya ne sashe na 55 na tsohon kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wato Final Kod, ya bar wa miji kafar abin da ya kira ladabtarwa, amma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta mayar da dukan abokin aure laifi, kuma jihohi da dama, ciki har da Kaduna, sun amince da ita. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA suna taimaka wa matan da ba su da kuɗin lauya. Idan kuma akwai fyaɗe a cikin lamarin, a garzaya cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala a Kano, ko cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, ko cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, cikin sa'o'i 72, domin a cikin wannan wa'adi ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki.