Kurakuran da muke yi wajen auna gudun yara a filayen makarantunmu

A bara, bayan gasar wasannin gidaje ta wata sakandare a nan Sakkwato, wani mahaifi ya tare ni da takarda a hannu, bakinsa har kunne. "Malam, duba abin da ɗanka ya yi," in ji shi. An rubuta cewa yaron, ɗan shekara goma sha biyar, ya yi gudun mita 100 cikin sakan 10.2. Na ga gudun da idona, kuma yaron ya bar sauran nesa ba kusa ba. Amma lambar nan ba daidai take ba. Olusoji Fasuba ɗan Najeriya ya kafa tarihin Afirka na wancan lokaci da sakan 9.85 a Doha a 2006, bayan shekaru yana horo. Letsile Tebogo na Botswana yana da shekara 19 ya yi 9.91 a Cali a 2022, duniya ta ɗauka. To ɗan aji uku, babu takalmi, a kan rairayi, ya matso kusa da waɗannan? Babu wanda ya yi ƙarya da gangan a ranar. Kurakurai ne ƙanana suka taru, kuma su ne dai nake gani kowace shekara.

Na farko shi ne filin kansa. Washegari muka koma da tef ɗin awo, muka tarar tsakanin layin tashi da layin gamawa mita 91 ne da 'yan kai. Wanda ya zuba toka ya ja layin ya bi tsofaffin alamun yadi 100 ne, alhali yadi 100 mita 91.44 ne kawai. Wasu ma da taki suke aunawa, wasu su ce tsawon filin ƙwallo ai mita 100 ne, bayan filayen makarantu kowane da nasa tsawon. Mita tara da suka ɓace kusan sakan guda ne cif ga mai gudu irin wannan yaro. Ke nan 10.2 ta koma 11.2 tun ba a je ko'ina ba. Gyaran ba ya cin kuɗi: a ari tef, a auna sau biyu, a kafa turke a kowane gefe don kada a sake lalube baɗi.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi ne wanda malamai suka fi yi mini gardama a kansa. Mai riƙe da agogo yana tsaye a layin gamawa, yana jiran ya ji usur ko ƙarar bindiga kafin ya danna. Sauti kuwa tafiya yake yi, kimanin mita 340 a sakan guda. Kafin ya iso kunnen mai agogo, kusan sakan 0.3 ya wuce, yaran sun riga sun tashi. Shi ya sa doka ta ce a danna da ganin hayaƙi ko walƙiyar bindiga. Inda babu bindiga, mai tashin yara ya riƙe katako biyu sama da kansa ya haɗa su, mai agogo ya danna da ganin haɗuwarsu.

Ko an yi haka, hannun ɗan Adam yana makara a farko, yana kuma gaggawa a ƙarshe, domin ido na ganin mai gudu yana tahowa, sai yatsa ya riga shi isa layi. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin haka, shi ya sa al'ada ce a ƙara sakan 0.24 a kan lokacin hannu na mita 100 da 200 idan ana son kwatanta shi da na na'ura. Tun 1977 hukumar guje-guje ta duniya ba ta karɓar tarihin gajeren gudu sai wanda na'ura ta auna. Idan muka tara duk wannan, gudun yaronmu ya tsaya wajen 11.7. A lura kuma, ƙirji ake bi wajen tsayar da agogo, ba kai ko hannu ko ƙafa ba. Lokacin hannu kuma ba a rubuta shi da lambobi biyu bayan ɗigo: in agogo ya nuna 11.23, sai a rubuta 11.3, sama ake yi da shi kullum. In da hali a sa masu agogo uku a kan wanda ya zo na ɗaya, a ɗauki lokacin tsakiya.

Sai iska. Gasanninmu da yawa a cikin hunturu suke faɗowa, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa da ƙarfi. Idan tana bayan mai gudu, tura shi take yi. Dokar duniya ta ce iskar baya da ta wuce mita 2.0 a sakan ta hana a ƙirga gudu a matsayin tarihi. Tobi Amusan ta ɗanɗana wannan a Eugene ta Amurka a 2022: ta yi 12.12 a zagayen kusa da ƙarshe na tsallake shinge, ya zama tarihin duniya, ta dawo ta yi 12.06 a na ƙarshe ta ci zinare, amma ba a ƙirga lokacin ba saboda iskar ta kai 2.5. Mu ba mu da na'urar auna iska. Abin da nake yi shi ne in rubuta a gefen takarda inda iska ta fuskanta, in kuma ana gwaji ne, yaro ya yi gudu sau ɗaya da iska, ya huta sosai, ya yi sau ɗaya gaba da ita.

Lissafin saurin kansa mai sauƙi ne, amma ana tafka kuskure a cikinsa. A raba nisa da lokaci, a samu mita a sakan, a ninka da 3.6 a samu kilomita a awa. Mita 100 cikin sakan 12 ya zama mita 8.33 a sakan, wato kilomita 30 a awa. Usain Bolt da ya yi 9.58 a Berlin a 2009, matsakaicin saurinsa kilomita 37.6 ne a awa. Kilomita 44 da ake yawan ambata ƙololuwar saurinsa ce, tsakanin mita 60 da 80, ba ta gudun duka ba. Don haka idan wani ya ce maka ƙanensa na yin kilomita 40 a awa daga farko zuwa ƙarshe, ya ce maka ya yi mita 100 a sakan 9 ke nan, ko da bai san ya faɗa ba. Haka nan ba a auna mita 50 a ninka biyu, ko a auna mita 30 da yaro ya shigo a guje a yi lissafin ɗari da shi. Dalili kuwa, farkon gudu ya fi cin lokaci: mita goma na farko sun ci wa Bolt sakan 1.89, mita goman da ya fi sauri a cikinsu kuwa 0.81.

Batun shekaru ba zan tsawaita ba. Lokaci ba shi da ma'ana sai an san shekarun mai shi na haƙiƙa, kuma saurayi ɗan sha tara da aka rubuta a matsayin ɗan sha biyar ya danne haƙƙin ƙannensa ne.

Abin da ya sa nake damuwa da duk wannan shi ne yaron. Wanda aka gaya wa ya yi 10.2, ranar da ya je gasar ƙasa na'ura ta nuna masa 11.7, zai ɗauka ya lalace ne, ko an cuce shi, ko an yi masa baki. Na ga masu baiwa da suka bar gudu saboda haka. Alhali 11.7 ga ɗan sha biyar da bai taɓa sa takalmin gudu ba abin alfahari ne, kuma harsashi ne da za a iya gini a kai.

Na zauna da mahaifin na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To Malam, a sake aunawa." Muka fito da sassafe kafin rana ta yi zafi, iska a kwance, mita ɗari cif. Na sa wani ɗalibi ya ɗauki bidiyo da waya daga layin gamawa, yadda katakon tashi zai fito a ciki, muka ƙirga hotunan ɗaya bayan ɗaya, talatin a kowane sakan. Ya fito 11.8. Muka rubuta a littafi tare da kwanan wata, muka sa ranar sake gwaji bayan wata uku.