Yadda na hana tsohuwar Fijo ɗin Baba yin zafi lokacin kaka

Akori-kura ce, Fijo 404 haɗin Kaduna, wadda marigayi Baba ya bar mana. Duk kaka ita ke kwaso dammunan gero da dawa daga gona. Bana kuwa, da an yi tafiyar minti goma sai allurar zafi ta haye, ruwa ya fara tafasa.

Na fara zargin fambel, na danna shi da yatsa, daram yake. Tiyo ma ba ya yoyo. Da na haska lagireto da tocila daga baya, haske bai fito ta gaba ba: ƙaiƙayin sussuka da ƙura sun toshe ƙofofin, iska ba ta ratsawa. Laifina ne, kusa da masussuka nake ajiye ta.

Na bari injin ya huce sarai (kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa), na goge ƙofofin lagireton da tsohon buroshin haƙori, sannan na watsa ruwa daga ɓangaren injin zuwa waje. Abin da ya fito kamar kunu.

Washegari sawu huɗu ta yi lafiya lau. A na ƙarshe na ɗoro wa Inna kabewa biyu, daren nan muka ci tuwon sabuwar dawa da miyar taushe.