Yadda za a taimaki ɗalibai su binciki dabbobin ƙarshen duniya mai ƙanƙara

Kafin yaro ya taɓa kwamfuta, a buɗe masa taswira ya ga yankunan biyu masu ƙanƙara, Aktik a ƙarshen arewacin duniya da Antaktika a ƙarshen kudanci. A nan ne ruɗani ke farawa: farar dabbar beyar a arewacin duniya kawai take, yankin Aktik, tsuntsun fengwin kuwa a kudancin duniya yake, har Antaktika. Duk hoton da ya haɗa su wuri guda, ba na gaskiya ba ne.

Kowane yaro ya zaɓi dabba ɗaya, ya rubuta tambayoyi 3: me take ci, yaya take jure sanyi, me ke yi mata barazana?

A fara da laburare. Littafin yara yana bayar da bayani a sauƙaƙe, amma a duba shekarar da aka buga shi, domin ƙididdigar dabbobi tana sauyawa.

A intanet, a nemi dabbar da sunanta na kimiyya, misali Ursus maritimus ga farar beyar, sakamakon ya fi tsabta. Shafukan WWF (ƙungiyar kare namun daji ta duniya) da National Geographic Kids suna da amfani. Kada a yarda da bayani sai an gan shi a wurare 2, kuma yaron ya rubuta shi da kalmominsa, ya lura da inda ya samo.